Turken Jirgin Baba

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya Inna da ƙafar tata? Ya yara? Ni lafiya lau, sai dai sanyin ɗakin ƙanƙarar da muke yanka kifi ya ɗan taɓa mini yatsu. Kada ki gaya mata.

Saƙonki ya iso. Kin ce tafki ya ƙara ja da baya, kina kuma tambaya ko a cire turken jirgin Baba, tunda itacen girki ya yi wuya. Yaya, da turakun nan ake sanin yawan gidajen garinmu. Kakanmu ne ya fara kafa nasa a bakin ruwa, masunta suka biyo shi, har aka yi gari. Muna yara, wurin ɗaure jirgi ma sai an yi faɗa. Yanzu kin ce awaki ake ɗaurewa a jikinsu.

Jiya muna cin abinci na dubi mutanen ɗakinmu: ɗan maƙwabcinmu, jikan mai saƙar komar kamun kifi, har da ladanin garinmu. Cikin wasa na tambayi ladan wa ya bar wa kiran salla. Ya ce, "To, wa za a kira?" Ba wanda ya ƙara kai loma baki.

Ki turo mini hoton Inna. Allah ya saka miki da alheri.

Turke kuwa, bara na ce a bar shi, ina nan tafe. Ki cire shi, Yaya. Sai dai kada Inna ta san da me aka dafa mata abinci.

Ƙaninki