Basillar Baduku Ta Ratsa Awon Teku

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya ruwan Kribi, ya maigidanki? Mu nan Garwa lafiya, sai zafi.

Kin ce kwamfutarki ta mutu, in aiko da kile ɗin nan na kwamfuta, wato filash, da kika kwafe awon tsamin ruwan teku na bara a ciki, abokan aikinki na jira su haɗa da nasu. To, zauna tukuna. Ranar tafiyarki kin ce wa Innarki ta adana shi da kyau. Ita kuwa adana ɗaya ta sani: ta kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata kamar laya. Basilla ta ratsa tsakiyarsa.

Na zaga masu gyara a kasuwa, har Marwa na aika. Kowa ya juya shi, ya girgiza kai. Ni da ban taɓa ganin teku ba, wa zan roƙa ya dawo da ruwan bara a sake aunawa?

Innarki ta daina cin abinci. Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida. In kin kira, ki fara da ita, a hankali.

Babanki