Babin da Ya Sa Malam Hawaye

Lafiya, daren Laraba.

Yau dai Malam Audu na Doma ya saka sharhin littafina a Facebook, bayan wata biyu ina bin sa da waya. Wai babin ƙarshe ya sa shi hawaye. Don murna har na yi ta tura wa mutane.

Bayan la'asar mai buga min littafin ya kira. "Anti, ki yi haƙuri, kwalin farko duk babu babin ƙarshe, mun tsallake shi wajen ɗinki."

Daga kwalin nan na ba Malam nasa, da duk ƙawayena masu ce min Allah ya ƙara basira. Tuwon ma na kasa ci. Da ma mutum ɗaya ya kira ya zage ni, ya ce ina sauran labarin.