Shirun Tayar Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Boris ɗin sun iso. Guda huɗu, biyu a kowace tayar gaba, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Na ɗauki ɗaya ina juya shi a tafin hannu, ɗan abu amma ga nauyi. Tsofaffin da ke jikin motata, Ja, lafiyarsu ƙalau in dai titi ne, amma filin tsere daban yake. Birki zai ɗau zafi, zafin ya gangaro ya narkar da giris, ga kwana na danne taya gefe guda. In boris ya cije a wannan gudun, sai dai wani ya ba da labari.

Ranar sha biyar ga wata za a buɗe filin ga masu motar kansu, kuma Auta ce za ta ja. 'Yata ta ƙarshe, a motar da na shekara sha ɗaya ina haɗawa a ƙuryar gareji. Ni kam gwiwa ta riga ta yanke min hukunci.

Mamansu ta ce in wani abu ya sami yarinyar nan, ni da motata mu nemi wani gidan. Na yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Talata, 4 ga Maris

Ban tsinana komai ba yau. Da yamma na shiga cikin Ja na zauna, kujerar kusan a ƙasa take, rana ta shigo ta hujin rufin kwano ta kwanta a kan sitiyari. Na lumshe ido na zaga filin sau uku, filin da ban taɓa takawa ba sai a taswirar da Auta ta manna a bango. Kwana ta huɗu ce doguwa, ta dama, duk nauyin mota ya koma kan tayar hagu ta gaba. A raina sulalewa na yi na wuce ta, ko sitiyarin ban riƙe da ƙarfi ba.

Mai walda na maƙwabta ya ce ya yi ta sallama a ƙofa har ya gaji. Na ce masa barci ne ya ɗauke ni. Idona biyu.

Alhamis, 6 ga Maris

Bari in rubuta, tunda babu mai karantawa.

Shekara talatin da shida ana ce min Kunne. A kawo mota, in ɗaga ta a jak, in juya taya, in ɗora bakin dogon sukundireba a gindinta, ƙotar a kunnena. In ce wannan ya mutu, wancan zai kai wata shida, kuma haka za a gani. Boris mai lafiya shiru yake yi, duk sirrin ke nan. To ni tun bara kowace mota lafiya gare ta. Duk wadda na saurara, shiru.

Yau wani mai tasi ya dawo da tasa yana ta bambami. Makon jiya na ce masa babu komai, shi kuma ya ce kuka take kamar injin niƙa. Na ce sabuwar lalacewa ce. Ƙarya na yi masa, kuma kunya ta kama ni har na kasa kallon idonsa.

Abin haushin, shirun nan da daɗi. Gari ya yi laushi kamar an rufa masa bargo, motoci na wucewa a titi ba su dame ni ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na cire tsofaffin, na wanke gurbin tas da fetur, na fara kafa zoben da sabon boris zai zauna a ciki. Aikin guduma ne, a hankali, ana zagayawa. Maigidana da ya koya min aiki bai taɓa auna komai ba. Cewa yake ka yi ta bugu, muddin ƙarar na cewa ƙwal ƙwal akwai saura, in ta koma tim, zobe ya zauna, ka ajiye guduma.

Na tayar dama na ji kamar ƙarar ta canza. Na hagu na yi ta bugu, ƙarar na zuwa min daga nesa, kamar a wani gida ake aikin. Sai na ƙirga, bugu nawa na yi wa na dama, na yi wa wannan daidai, na ƙara biyu. Ai hannu ma ya san aikinsa.

Lahadi, 9 ga Maris

Wai na cika ƙure rediyo. Rediyon ne ya tsufa.

Laraba, 12 ga Maris

Giris ɗin tsere shuɗi ne, ban taɓa ganin irinsa ba. Na cusa shi da yatsa tsakanin 'ya'yan boris ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure noti, na ɗan sassauta, na mayar da tayoyi. Da na juya ta hagu sai ta yi ta tafiya ita kaɗai a iska, ta ƙi tsayawa, ni kuma na zauna a kan bokiti ina kallo. Na ga Auta tana shekara biyar, tana tura tsohuwar taya a tsakar garejin nan tana yin jiniya da baki, rigarta duk baƙin mai. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a zaune ba.

Na sa sukundireba. Shiru, kyakkyawan shiru. Na gode wa Allah, sai kuma gabana ya faɗi.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ta biyo daga wurin aiki da hular kwanonta a jaka, tana ta rawar kai. Don in burge ta na juya mata tayar dama, na juya ta hagu. Sai na ga ta karkata kai.

"Baba, sake juya wannan."

Na sake. Ta ce tana jin wani ɗan gurnani, yana zuwa yana tafiya. Na ce babu komai. Ta ce wallahi akwai. Nan fa na hau ta da faɗa, na ce tun ba a haife ta ba nake wannan aiki, yaushe aka yi daren da har za ta koya min jin boris. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Ta daɗe tana kallona, ba ma fuskata take kallo ba, gefen kaina take kallo. Sannan ta ce, "To Baba, in ka ce lafiya, zan hau." Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Kuma za ta hau ɗin, na san halinta. Za ta shiga kwana ta huɗu da ƙafa a kan totur saboda ni na ce. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Kafin mai babbar motar da zai ɗauki Ja ya iso na kwance tayar hagu. Na haska tocila a bayan zoben. Bai zauna ba. Gefe ɗaya ya rage, kaurin farce, ba ƙari. Na zauna a ƙasa.

Da Auta ta shigo na ce zo ki koyi aiki, kin girma ba ki iya kafa zobe ba. Na ce ni zan buga, ita ta saurara, in ƙara ta canza ta ɗaga hannu, in gani ko tana da kunnen sana'a. Ta ce to, Baba. Ta tsuguna kusa da ni. A bugu na bakwai ta ɗaga hannu. Na ce daidai, kin ci jarrabawa.

Ita ta juya tayar da muka gama, ita ta sa sukundireba a kunne. Ta gyaɗa kai, muka ɗora mota.

Lahadi, 16 ga Maris

Filin ya fi na cikin kaina faɗi, ga ciyawa shar a tsakiya. Jiya na tsaya a shingen kwana ta huɗu tun daga farko har ƙarshe. Mutane na toshe kunne in motoci sun taho, ni kuwa sai in ga Ja ta ɓullo daga nesa cikin hucin kwalta, ta kwanta a kwanar, ta miƙe ta wuce, kamar a mafarki. Sau sha huɗu. Duk zagaye idona na kan tayar nan, kuma ko gezau ba ta yi ba.

Da ta fito na dafa gindin tayar, ɗumi kawai. Auta ta cire hula, gumi sharkaf, tana haki tana dariya. Ta ce, "Baba, ka ji yadda take kuka a miƙaƙƙen layin nan? Ka ji?"

Bakina har ya buɗe zai ce ƙwarai, kamar yadda na saba ce wa kowa shekara guda ke nan. Gajiya ce ina jin, ga rana, ban karya ba kuma. Na ce, "Ban ji ba, Auta. Faɗa min."

Ta jawo ni muka zauna a kan tarin tayoyi, ta kawo bakinta dab da kunnena na dama, ta yi min kukan injin tun daga giya ta biyu har ta biyar, mutane na wucewa suna kallonmu. Na ce ta sake.