Ƙibar da Muka Yi wa Murna

Daren Talata, Gwadangaji

Yau na raka ƙanwata Saratu asibiti karɓo maganin taɓin hankalinta. Da aka auna ta, sukari ya hau, jini ma ya hau, ga kitse ya taru mata a ciki. Shekara uku tana shan maganin nan tana ƙiba, mu kuwa sai murna. Inna har nuna ta take wa baƙi wai ta murmure.

Na ce wa likitar ai Kawu Bello na Argungu irinsa yake sha, kuma bai ajiye tumbi ba. Ta ce mata sun fi saurin tara ƙiba a kan maganin. Sai ta tambaye ni inda shi yake wuni. Na ce fadama, cikin shinkafarsa.

"Ita fa?"

Saratu kam a ɗaki take wuni. Ni na hana ta fita tun ranar da ta yi ta surutai a kasuwa. Bakin mutane na gudar wa kaina, na zaunar da ita ɗaki ina tura mata tuwo da lemon kwalba don kada ta nemi ƙofa.

Da muka iso gida na ce gobe mu taka da ƙafa har unguwar Gesse, wurin ƙawarta Hajara.

Ta ce, "Yaya, Hajara ta tashi tun bara. Ta zo bankwana, kika ce mata barci nake."

Ashe ta ji mu ranar. Allah ka yafe mini.