Audugar Kaka

Litinin, 3 ga Maris
Ranar Asabar za a yi wasan wuta a sabon filin ƙwallo. Jikata, wadda nake kira Amarya, ta ce ni zan kai ta, ba babanta ba. Wai ta gaya wa ƴan ajinsu kakanta ba ya tsoron komai. Na ce haka ne. Kusan duk rayuwata walda nake yi, tartsatsi abokina ne. Ƙarar ce dai. Tayar keke ma in ta fashe sai na zabura. Uwargida kaɗai ta san wannan, tana ta murmushi cikin kofin shayinta.

Laraba, 5 ga Maris
Na kafa doka: nesa da igiyar da za a giciya, iska ta bugo bayanmu don toka ta yi gaba, kusa da ƙofa, rigar auduga ban da mai santsi, abin da ya faɗo ba a taɓawa. Ɗana ya ce, "Baba, kallo za mu je ko yaƙi?" Na ce rigakafi ya fi magani. Uwargida ta ce, "Na wa?"

Alhamis, 6 ga Maris
Na ɗauko wa Amarya tabarauna na walda. Ta saka, ta yi karo da ƙofa. An fasa sakawa.

Asabar, 8 ga Maris
Na tura mata auduga a kunne, tawa na ɓoye ƙarƙashin hula. Ɗana ya bar mu can baya, ya kutsa har bakin igiya da sabuwar rigarsa. Amarya na bisa wuyana. Wutar farko ta tashi, GUM! Na zabura, hula ta faɗi, auduga ta bi ta. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu, kunya kamar ƙasa ta tsage. Sai na ji ƴan tafukanta biyu sun rufe min kunnuwa. Ta sunkuyo: "Kaka, kalli sama kawai, ina riƙe da kai." Har aka tashi ba ta saki ba.
Ɗana ya dawo da huji uku a kafaɗar rigar, yana warin ƙauri. Ban ce uffan ba. To, na ɗan ce.

Lahadi, 9 ga Maris
Ina kwance na ji ta a tsakar gida tana gaya wa yaran maƙwabta, "Kakana ko motsi bai yi ba." Na juya fuska bango. Ƙura ce ta shiga min ido.

Talata, 11 ga Maris
Hanya ta bi da ni ta filin, na tambayi mai gadi yaushe za a sake. Saboda yarinyar ne. Koren nan dai da yake buɗewa a hankali a sama, ban taɓa ganin walda mai kyansa ba.