Karen gidanmu ya san abin da nake ɓoyewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ban yi karatu mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

A wani ƙauye nake aure wajen Kurmin Kogi, gida ɗaya da surukata, Inna muke ce mata. Ƙanin maigidana yana da karen farauta, da can karen ko kallona ba ya yi, to kwanan nan da na fito da goyo sai ya biyo ni yana shinshina zanina, in zauna wanki ya kwanta gefena, in kore shi ya dawo. Na yi ta wanke zanin har hannuna ya saɓule.

Inna ta ce kare ba ya shinshina mutum a banza, yana ganin abin da ido ba ya gani, wai iska ce ta shafe ni a hanyar rafi kuma za ta bi nono ta shiga jikanta. Ta ce in kawo yaron ɗakinta a yaye shi, alhali ko rarrafe bai ƙware ba. Na yi magana ta ce ina musu da manya. Na kai kuka wurin maigida, ya ce uwarsa ce ta raine shi, ta fi ni sanin yaro.

Ni kuwa na lura da wani abu. Haka karen nan ya yi min lokacin cikin yaron nan, tun kafin ni kaina in sani. Ƙanin maigidan ma ya taɓa cewa ba wani aljani, hanci ne kawai, in warin jikin mutum ya canza kare yana ji. Kuma wallahi watan nan ban ga al'adata ba, warin daddawa ma tayar min da zuciya yake.

In na yi shiru za a karɓe yaron saboda iska. In na faɗa, kwanika ce, wato ciki a kan goyo, a ranar za a cire shi daga nono, don a nan cewa ake nonon mai ciki guba ne, ga gorin matan gida. Asibitin Ikara ma sai da izini, kuma Inna ce za ta raka ni.

Iyaye mata da ma'aikatan asibiti da ke nan, da gaske ne nonon zai cutar da shi? Me zan ce wa Inna? Yanzu haka yaron yana kan cinyata yana sha, karen kuma yana kwance a bakin ƙofa.