A Aiko Mini da Tsamiya

Yaya Sadiyya,

Ina gaishe ki daga Legas. Yaya Inna da ciwon ƙafarta, da mutanen Matameye?

Lafiyata ƙalau, sai dai ko ƙamshin miya na ji sai amai. Maigidan tun asuba yake fita, kuma tsoron ɓarin bara bai sake ni ba. Amma mu uku ne masu laulayi a gidan hayarmu, wadda ta tashi da ƙarfi ita ke girka wa kowa. Jiya Hajara 'yar Tsauni ta riƙe mini goshi, yau ni na riƙe mata.

Allah ya sada mu da alheri. Kunyar Inna nake ji, ki ce dai ta aiko mini da tsamiya. Za ta gane.

Ƙanwarki,
Rahama